Kurciyoyi Biyu: Ma'anar Kirsimeti a Gidan da Tukunya Ta Ƙanƙance

A garin da na tashi, ranar 25 ga Disamba ba ta da wata alamar da za ta bambanta ta da ranar 24. Dangamaji, a ƙasar Jega ta Jihar Kebbi, gari ne na manoma Musulmi. Idan gari ya waye ranar Kirsimeti, hazo da sanyin hunturu ne ke tarbar mutum kamar kullum. Masu noman rani su nufi gonakinsu, almajirai su ci gaba da karatu a gindin wuta, babu shagon da ya rataya fitilu masu walƙiya, babu lasifikar da ke rera waƙar haihuwar Almasihu. Mahaifina malamin makaranta ne da aiki ya kawo shi daga ƙasar Zuru tun kafin a haife ni, gidanmu kuwa yana cikin 'yan tsirarun gidajen Kirista da ke wannan yanki. Saboda haka tun ina yaro na san cewa idan ba mu ɗora tukunya ba, ba mu buɗe Littafi Mai Tsarki ba, Kirsimeti za ta zo ta wuce ba wanda ya ji ɗuriyarta. A Jos ko Legas titi ne ke tuna wa mutum da bikin. A wurinmu, nauyin ranar gaba ɗayansa a wuyan iyali yake.

Wannan ne ya sa tambayar da zan tattauna a nan ta zame mini ta cikin gida. Idan aka cire sabon ɗinki, aka cire bunsurun yanka, aka cire tafiya gida ganin dangi, me ya rage na Kirsimeti? Kuma abin da ya rage ɗin, zai iya tsayawa da ƙafarsa shi kaɗai? Ban koyi amsar a aji ba. Na koye ta ne a Disambar 2023, bayan na yi wa mahaifiyata wa'azin da ban isa in yi ba.

Shekarar da lissafi ya ƙi fita

A ranar 29 ga Mayu 2023 sabon shugaban ƙasa, Bola Ahmed Tinubu, ya sanar da janye tallafin man fetur. Kafin watan Yuli ya ƙare farashin lita ya ninka kusan sau uku, kuɗin mota da na abinci suka bi sahu. Mahaifina bai daɗe da yin ritaya ba. Ni ina ajin ƙarshe a jami'ar da ke Aliero, ga kuɗin aikin binciken kammala karatu yana jirana, ga ƙannena biyu da za su koma makaranta a Janairu. Al'adar gidanmu kuwa sananniya ce: a sayi bunsuru da shinkafa, a yi wa kowa ɗinki, Mama ta yi ankon Zumuntar Mata, a je sujada a Jega, a dawo a raba abinci gida-gida, sannan a bi hanyar Maiyama da Koko zuwa Zuru a yi sabuwar shekara da dangi. A wannan shekarar, ko rabin haka kuɗin hannunmu ba zai kai ba.

Wani dare a tsakiyar watan, Mama ta kawo shawarar a karɓi bashi wurin wani ɗan kasuwar albasa da muka saba da shi, a biya a Fabrairu. Kafin Baba ya buɗe baki na riga shi. Na ce Kirsimeti a zuciya take. Na ce Yesu bai zo duniya don shinkafa da atamfa ba, kuma duk wannan hidima gasa ce kawai da aka lulluɓe da sunan addini. Na ce mu je coci mu yi addu'a mu dawo mu ci tuwonmu kamar kullum, shi ya fi kusa da gaskiyar bishara. Na yi maganar da jin cewa ni ne na fahimci addini a ɗakin.

Mama ta dube ni ta ce: "Kai ɗan boko, shekara ashirin da ɗoriya naman layyar mutanen nan yana shigowa gidan nan. Ranar Kirsimeti idan jikokin Inna suka leƙo, zuciyar tawa zan zuba musu a kwano?"

Ban sami abin cewa ba. Har yau ina ganin wannan tambaya ta fi duk abin da na faɗa nauyi.

Gaskiya biyu, kowace da gurguwar ƙafa

Da na natsu na duba, sai na ga kowannenmu yana riƙe da gaskiya, amma kowannenmu ya ɓoye wani abu a bayanta. Ni na ɓoye tsoro. Ina fargabar kada bashin ya cinye kuɗin bincikena, sai na yafa wa fargabar rigar tsoron Allah. Wanda ya ce ibada a zuciya take, sau da yawa yana nufin kada a taɓa masa aljihu. Tarihi ma ya riga ya gwada irin ra'ayina. A 1647 majalisar dokokin Ingila, da ke hannun masu ra'ayin tsarkake addini, ta soke bikin Kirsimeti, bisa hujjar cewa babu umarninsa a Littafi kuma ya zama ranar shaye-shaye da sharholiya. Talakawa ba su yarda ba, har aka yi tarzoma a wasu garuruwa, kuma dokar ta faɗi da dawowar sarauta a 1660. Masu dokar sun ga cutar da gaske, sai dai maganinsu ya haɗa da kashe majinyacin.

Mama kuma, da aka ci gaba da magana, ita da kanta ta fito da nata ɓoyayyen. Ta ce, "Me za a ce a coci idan kowace mace ta zo da anko ni na zo da tsohon zane?" Ashe a cikin kwanon da take so ta kai wa maƙwabta akwai ƙauna ta gaske, a gefensa kuma akwai tsoron bakin mutane. Kunya ɗabi'a ce mai daraja a wurin Bahaushe da duk wanda ya tashi cikin Hausawa. Ita ke hana mutum cin amana da wulaƙanta baƙo. Amma idan ta wuce iyaka takan koma mai bin bashi marar tausayi, ta sa uba ya ci kuɗin makarantar Janairu a kwana biyu na Disamba domin kada a ce ya gaza. Bikin da tsoron "me za a ce" ke tuƙa shi ya riga ya sauya alƙibla, domin idon da ake yi dominsa na mutane ne.

Baba ya bar mu muka gama. Sannan ya ɗauko Littafi Mai Tsarkinsa na Hausa, wanda murfinsa ya sha ɗinki, ya buɗe Bisharar Luka sura ta 2. Mu Dakarkari ne, Lelna kamar yadda muke kiran kanmu, amma da Hausa muke sujada, kamar dubban ikilisiyoyin Arewa tun bayan da cikakkiyar fassarar Littafin ta fito a 1932. Yawancin mutane sukan tsaya da karatu a inda makiyaya suka koma wurin garkensu. Baba ya zarce zuwa inda Maryamu da Yusufu suka kai jaririn Haikali a Urushalima, suka miƙa hadayar tsuntsaye biyu. Daga nan ya juya zuwa Littafin Firistoci sura ta 12, inda shari'ar Musa ta tanadi cewa mai jego za ta kawo ɗan rago, wadda kuwa ba ta da halin rago ta kawo kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu. Ya rufe Littafin ya ce: "Kun gani, uwar Ubangijinmu ba ta ci bashi ta sayi rago ba. Ba ta kuma zauna a gida ta ce hadaya a zuciya take ba."

Da wannan ya ba mu duka biyun amsa. Ba za a karɓi bashi ba, kuma tukunya za ta hau wuta.

Ranar da na ɗauki kwanuka

Kirsimetin 2023 ta faɗo ranar Litinin. Aka kama zakaru biyu daga cikin kajin da Mama ke kiwo, aka auno 'yar shinkafar gida. Kamar yadda gidajen Kirista da yawa ke yi a Arewa, ba mu yanka da hannunmu, domin maƙwabtanmu su ci da kwanciyar hankali. Da sassafe Baba ya aike ni in kira dattijon da katangarmu ɗaya da shi, wanda shi ke yanka mana bunsuru kowace shekara. Na ji nauyi sa'ad da na miƙo masa kaji. Ya karɓa, ya gyara zamansa ya fuskanci gabas, ya ce: "Bana kaji ne, Malam? To madalla. Ai bisimillar rago da ta zakara ɗaya ce."

Bayan mun dawo sujada daga Jega, Mama ta jera kwanuka. Kowane ya sami shinkafa da tsoka ɗaya. A da ƙannena ake aika, amma a ranar Baba ya ce ni zan kai, tunda ni na ce a rufe ƙofa. Ya kuma ce kwano na farko a kai shi rugar da ke bayan gari, wurin Bafulatanar da ke kawo wa Mama nono.

Wannan umarnin ya yi mini ɗaci. Mu mutanen ƙasar Zuru mun san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba a shekarun nan. Muna da dangin da suka bar gonakinsu suka koma zaman gudun hijira. Zuciya kuwa ba ta iya lissafin adalci ba: laifin masu ɗauke da bindiga sai ta shafa shi ga duk wanda ke bin saniya, har da waɗanda su ma an kore musu shanu. Na faɗa wa Baba haka a hankali. Ya ce: "A labarin da muka karanta, wa aka fara yi wa albishir?" Na ce makiyaya. Ya ce, "To ɗauki kwano."

Na kai. Matar ta yi mamaki, ta yi godiya, ta wanke kwanon ta cika shi da kindirmo. Daga nan na bi gidajen unguwa. A gidan Inna, matar dattijon da ya yi mana yanka, ta buɗe murfi ta ga tsoka ɗaya, ba ta nuna ta lura ba. Ta sa albarka, ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini tukwici kamar yadda take yi tun ina ɗan shekara shida. Na tsaya, ƙaton ɗalibin jami'a, da 'yan nairori a tafin hannu. A nan na gane cewa bakin mutanen da muke tsoro, mafi yawansa a cikin kanmu yake magana.

Dalilin da ya sa zuciya kaɗai ba ta isa ba

Abin da Kirista ke tunawa a Kirsimeti shi ne bangaskiyarsa cewa Allah ya ɗauki jiki ya zauna cikin mutane. A nan ne muka rabu da 'yan'uwanmu Musulmi, waɗanda ke girmama Annabi Isa ɗan Maryamu a matsayin manzo, suna kuma karanta labarin haihuwarsa a Suratu Maryam. Bambancin na gaske ne, kuma zaman lafiya ba ya bukatar a ɓoye shi. Amma ga wanda ya gaskata abin da Kirista ya gaskata, akwai abin da ya biyo baya dole. Idan saƙon ranar shi ne ƙaunar Allah ta zama jiki mai jin yunwa da sanyi, to bikin da ya tsaya a tunani kawai ya musanta saƙon da yake ikirarin karewa. Ƙaunar da ba ta zama shinkafa a kwano ba, ba ta zama takawa zuwa ƙofar wani ba, ba ta yi kama da wadda aka kwantar a komin dabbobi ba.

Haka kuma jikin da aka ɗauka jikin talaka ne. An haife shi a garin da babu masauki, iyayensa suka miƙa hadayar marasa hali, Bisharar Matiyu kuma ta ce ba da daɗewa ba suka gudu da shi Masar don tsoron Hirudus. Wannan ne ya sa a 1223 Faransis na Asisi ya shirya komin dabbobi da ciyawa da sa da jaki a ƙauyen Greccio na ƙasar Italiya, domin mutane su ga talaucin haihuwar da idonsu. Iyalin da ke tunawa da wannan haihuwa ta hanyar cin bashin da zai hana yara komawa makaranta sun yi abin da Maryamu ba ta yi ba.

Sauran abubuwan duka sutura ce da kan sauya. Bishara ba ta faɗi ranar haihuwar ba; shaidar farko ta yin bikin ranar 25 ga Disamba ta fito ne daga birnin Rum a shekara ta 336, kuma har yau Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar ranar 7 ga Janairu suke yin nasu. Bunsuru, anko, shinkafa, duk mu muka ɗora su, kuma ba laifi ba ne. Kakanninmu a Zuru sun san bikin Uhola na godiyar kaka tun kafin mishan su iso, sun san cewa godiya takan so ganga da tukunya. Kasuwa ma ba abokiyar gaba ba ce: a Disambar 2016 shinkafar da manoman Kebbi suka noma ce aka kai Legas da sunan Lake Rice ana dab da Kirsimeti, gumin Musulmin fadama ya cika tukunyar Kiristan kudu. Tambayar da ta kamata iyali su yi wa kowace hidima ita ce: wannan abin, ƙofa yake buɗe wa wani, ko kuwa don a gan mu muke yin sa?

Abin da za a iya ce mini

Mai karatu zai iya cewa rabon abinci ga maƙwabta ba wani abin ruhaniya ba ne, ramuwar biki ce kawai: sun kawo mana da Sallah, mun mayar da Kirsimeti. Akwai gaskiya a ciki. Ni dai ban raina ramuwa ba, domin a ƙasar da aka sha zubar da jini da sunan addini, kwanon da ke tsallaka katanga sau biyu a shekara yana riƙe da abin da jawabin shugabanni bai riƙe ba. Duk da haka Yesu da kansa, a Luka sura ta 14, ya koyar cewa mai shirya liyafa ya gayyaci waɗanda ba za su iya rama masa ba. Shi ya sa nake ganin hikimar Baba tana cikin kwano na farko. Idan duk kwanukan gida sun tafi inda ake sa ran su dawo, ciniki aka yi cikin ladabi. Dole a sami ɗaya da zai je inda ba a bin mu bashin komai, ko ma inda zuciya ba ta so.

Za a kuma iya cewa da sauƙi babba ya yi falsafar talauci, amma yaro fa? Wannan ita ce hujjar da ta fi ci mini rai. Autarmu tana da shekara goma sha ɗaya a lokacin, kuma ta yi kuka sosai da ta ji babu sabon ɗinki. Ba zan ce kukan nata alheri ne ba. Ga ɗan talaka, sabuwar riga sau ɗaya a shekara shaida ce cewa shi ma mutum ne, kuma wanda bai taɓa rasa ta ba bai kamata ya yi masa wa'azi ba. Abin da ya faru shi ne Mama ta ciro ankonta na bara, wanda take ji da shi, ta kai wa tela ya yanka ya ɗinka wa yarinyar riga da siket. Ita kuma ta tafi coci da tsohon zanen da ta ji tsoron a gan ta da shi, ta zauna a tsakiyar mata masu anko, ta yi waƙa. Ni da na yi dogon jawabi ban rasa komai ba a wannan Kirsimeti. Ita ce ta biya kuɗin ma'anar da nake ta faɗa da baki.

Kammalawa

Daga wannan shekarar na fahimci cewa ma'anar Kirsimeti ba ta tsare kanta, kuma fasto ba zai tsare wa kowa ita daga kan bagade ba. A tsakar gida ake tsare ta. Iyaye su zauna da 'ya'yansu su faɗa musu abin da ke hannu, domin yaron da aka ɓoye wa lissafi yakan ɗauka rashin riga rashin ƙauna ne. A karanta labarin a gida, da harshen da kaka da jika za su ji, a kuma zarce har inda kurciyoyi biyu suke. A bar yara su ɗauki kwanuka da hannunsu, su san ƙofofin da iyayensu ke girmamawa. Ikilisiya ma tana da nata rabon: ƙungiyoyin da ke yanka anko kowace shekara, da masu shelar adadin baikon kowa a gaban jama'a, su tuna da matar da ke zaune a bencin baya tana lissafin bashi. Yanzu da hotunan Facebook suka ƙara yawan idanun da ake jin kunyarsu, wannan tunatarwa ta fi zama dole.

Na gama karatu, na yi bautar ƙasa, na fara samun ɗan abin hannuna. Kirsimetin da ta wuce ni na sayi bunsuru, ba tare da bashi ba, kuma ba zan ɓoye ba, na ji wani abu a raina yana so unguwa ta san cewa ɗan Malam ya kawo ƙarfi. Ashe jarabar da na zargi Mama da ita tana jirana ne kawai in sami kuɗi. Dattijon maƙwabcinmu ya zo ya yi yanka da irin bisimillar da ya yi wa zakaru. Mama ta jera kwanuka, kowane da nama a cike. Ban jira Baba ya yi magana ba, na ɗauki na farko na nufi bayan gari.